Mutum Biyu da Suka Rage wa Maria Callas

Ƙawaye, ku matso kusa, akwai wani fim da yake ta cin raina, kuma ba kowa zan yi wa zancensa ya gane inda na dosa ba sai ku. Sunansa Maria. A 2024 ya fito, an fara nuna shi a bikin fina-finai na birnin Venis, daga baya Netflix ta ɗauka. Pablo Larraín ɗan ƙasar Chile ne ya ba da umarni, shi ne dai wanda ya yi fim a kan Jacqueline Kennedy a 2016, ya yi na Gimbiya Diana a 2021. Angelina Jolie ce ta fito a matsayin Maria Callas. Na san wata a cikinku za ta ce, yo mu ina ruwanmu da waƙar opera? Yi haƙuri ƙawata, bari in kai aya tukuna.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa da waƙa. Mawaƙiya za ta tsaya a dandamali babu makirufo, ga tarin makaɗa a gabanta da goge da algaitu irin nasu, amma dole muryarta ta keta wannan sautin ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Aikin ƙirji ne da numfashi. Shi ya sa da jiki ya fara gazawa, murya ce ke fara tona asiri, kuma a bainar jama'a.

An haifi Callas a New York a 1923, iyayenta Girkawa ne. A 1937 mahaifiyarta ta koma da ita Atina, a can ta yi karatun waƙa a hannun Elvira de Hidalgo, a can kuma yaƙin duniya na biyu ya rutsa da ita. Italiya ce ta ɗaga ta. A shekarun 1950, in ta hau dandamalin La Scala a Milan, gari ne ke ɗauka. Fim ɗin kuwa kwanakinta na ƙarshe ya ɗauko, a watan Satumban 1977, cikin wani makeken gida a unguwar masu hannu da shuni a Faris. Ta rasu ranar 16 ga watan, tana da shekara 53, zuciyarta ce ta tsaya.

To ga abin da ya riƙe ni. A wannan gida, bayan sarakuna da shugabanni da 'yan jarida duk sun watse, mutum biyu ne suka rage mata: Bruna mai girki da aikin gida, da Ferruccio mai yi mata hidima, sai 'yan karnukanta. Ba ƙirƙirarsu aka yi ba, mutane ne na gaske da suka yi shekara da shekaru tare da ita.

Akwai wani waje da Bruna ke tsaye a kicin tana soya ƙwai, mai yana ta ƙara a kasko, sai Maria ta shigo ta tsaya a bayanta ta fara rera wata waƙa daga opera ɗin Norma, wadda duniya ta fi saninta da ita. Muryar na rawa, tana tsinkewa inda a da take miƙewa. Da ta gama ta nemi jin ra'ayi, Bruna ta yaba mata iyakar yabo. Wallahi ƙawaye, sai da hawaye ya taru a idona. Ita Bruna ta ji abin da muka ji, kunnenta lafiya lau. Amma ta san matar nan da wannan yabon take tashi daga gado.

Shi kuwa Ferruccio wata hanya ya bi. Bayansa na ciwo, amma kullum uwar ɗakinsa sai ta sa shi ya tura fiyano daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya tura ba ƙorafi. Sai dai a kan magani ba ya ɗaga mata ƙafa. Yana ƙirga ƙwayoyin da take sha yana rubutawa a littafi, ita kuma tana ɓoye Mandrax, maganin sa barci, a aljihunan riguna da cikin jakunkuna. Shi ne ke nacin sai likita ya zo, ko da za ta ɓata rai. Har fim ɗin ya ƙirƙiro wani saurayi ɗan jarida mai suna Mandrax da ke bin ta da kyamara a titunan Faris yana yi mata tambayoyi, alhali babu shi, ƙwayar ce ke nuna mata shi.

Na daɗe ina auna su biyun. Na san wata a cikinku za ta ce gaskiya ɗaya ce, a faɗa wa mutum ita ko da ɗaci. Ni ma haka nake gani a yawancin lokuta. Amma duk wadda ta taɓa jinyar babba a gida, uwa ko kaka da ƙarfi ya ƙare amma zuciya ba ta yarda ba, ta san ana buƙatar mai lallashi, ana kuma buƙatar mai tsare gida. Da Bruna kaɗai ce, da ƙwayar ta gama da ita tun da wuri. Da Ferruccio kaɗai ne, da baƙin ciki ya riga ƙwayar. Kuma babu ɗayansu da ya yi don albashi kawai, ana gani a yadda suke zama su ukun suna karta da dare kamar 'yan gida ɗaya.

Inda fim ɗin ya ɓata mini rai shi ne yawan filin da ya ba Aristotle Onassis. Gaskiya ne attajirin jiragen ruwan nan ya shiga rayuwarta a 1959, ta rabu da mijinta Meneghini saboda shi, shi kuma a 1968 ya juya ya auri Jacqueline Kennedy. Gaskiya ne mutuwarsa a 1975 ta karya ta. Amma kullum in za a ba da labarin mace mai baiwa sai a rataya shi a wuyan namijin da ya yaudare ta? Matar nan ma'aikaciya ce ta gasken gaske. Ita ta farfaɗo da tsofaffin opera da aka yi watsi da su, kamar Anna Bolena ta Donizetti a 1957. Ta koyar da matasan mawaƙa a makarantar Juilliard a New York a 1971 da 1972. Ta sha jifa da baki a 1958 lokacin da muryarta ta ƙi a Roma ta dakatar da wasa bayan kashi na farko, shugaban ƙasar Italiya na zaune a wurin. Ta rage ƙiba mai yawa tsakanin 1953 da 1954, har yau masana na gardama ko hakan ya taɓa muryar. Wasan opera na ƙarshe da ta yi shi ne Tosca a Landan a 1965, waƙarta ta ƙarshe a gaban jama'a kuma a Sapporo ta ƙasar Japan a 1974. Duk wannan gwagwarmayar, ɗan ƙyalli kawai muka gani.

Jolie dai ta yi ƙoƙari, ban rage mata ba. Wata bakwai ta yi tana koyon waƙar, aka gauraya muryarta da ta Callas, tata ta fi fitowa a wuraren da muryar ta raunana. Hotunan kuma sun yi kyau matuƙa, har Edward Lachman da ya ɗauke su ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Oscar.

Shawarata, kada ku fara da fim ɗin. Ku shiga YouTube ku nemo bidiyon wasan da ta yi a Faris a watan Disamban 1958, baƙi da fari ne, tana rera wannan waƙar ta Norma lokacin muryar na kan ganiyarta. Ku ji yadda take jan numfashi ɗaya ta kai shi nesa ba tare da ko gezau ba. In kun ji wannan, sannan ku kalli wajen kicin ɗin, sai mu zauna mu yi gardamar Bruna da Ferruccio da kyau, don na san ba za ku bar ni haka ba.