Kurudu: Inda Baƙon Abuja Ke Neman Tuwon Gida

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Babu inda wannan magana ta fi tabbata kamar wajen neman abin sawa a bakin salati a Babban Birnin Tarayya, inda mutum zai ga gidajen abinci jere reras, ko wanne da allo mai walƙiya, amma ya biya kuɗi mai tsoka ya tashi yana jin kamar bai ci kome ba. Wanda ya taso a Katsina ko Zariya ko Azare, aiki ya kawo shi Abuja, yakan yi 'yan makonni yana haƙuri da shinkafa da kaza, sa'an nan wata rana marmarin miyar kuka ya taso masa. To, daga ranar nan ne zai fara tambaya, kuma sau da yawa tambayar takan fitar da shi daga tsakiyar birni zuwa ƙauyukan gefe, irin su Kurudu.

Matafiyin da ya nufi Kurudu yakan taso daga mahadar AYA a Asokoro, ya gangara ta Kugbo, ya ratse ta Karu, ya wuce Jikwoyi, sa'an nan ya iso. Idan ya zarce gaba sai Orozo, sai Karshi. Asalin wannan ƙasa ta Gbagyi ce, watau mutanen da Hausawa suka saba kira Gwari, manoman doya da dawa, waɗanda matansu ke ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon ka. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta yanke wannan yanki ya zama mazaunin gwamnatin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ranar 12 ga Disamba 1991 kuwa Janar Ibrahim Babangida ya tare daga Ikko. Tun daga nan jama'a suka yi ta kwarara, kuma da yake hayar gida a Maitama da Wuse ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai aka dinga matsawa gefe. Rushe-rushen da aka yi zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, da hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni a 2006, sun ƙara tura dubban 'yan Arewa wannan hanya. Ga kuma rukunin gidajen da aka gina domin sojoji, wanda ya sa sunan Kurudu ya shiga bakin mutane. Inda duk leburori da 'yan ga-ruwa da direbobin Keke Napep suka taru kuwa, mai tuwo da mahauci ba su nisa.

Da sassafe, bayan an sauko daga sallar Asuba, aikin farko na masu koko da ƙosai ne da masu masa. A nan mai neman abin gaskiya zai fara gwada idonsa. Masar ƙwarai daga shinkafar tuwo ake yin ta, a jiƙa, a niƙa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi, a ɗan sa ruwan kanwa don a kashe kaifin tsami, sa'an nan a soya a tanda. Idan an ɓara ta za a ga cikinta fari da 'yan ƙofofi, bayanta kuma ya yi ja ba tare da ya ƙone ba. Wadda aka gaggauta da yis mai yawa da sukari takan kumbura ta yi kyan gani, amma ɗanɗanonta na burodi ne. Mutanen Bauchi, waɗanda duk Arewa ta sallama musu a wannan fanni, sukan gane bambancin tun daga ƙanshi, kafin a zuba miyar taushe ko a barbaɗa ƙuli.

Da rana ta take, sai a koma rumfunan tuwo. Yawancinsu ba su da allo ko suna. Kwano huɗu ne aka kafa bisa itace, da benci biyu, da buta da sabulu a bakin ƙofa. Gwanayen cin tuwo suna da alamomin da suke dubawa. Ta farko ita ce su wane ne a kan bencin: idan aka ga 'yan gwangwan da masu gyaran takalma da 'yan cirani sun yi layi, to girkin ya yi, domin kuwa mutumin da kuɗinsa na gumi ne ba ya komawa inda aka cuce shi sau biyu. Ta biyu ita ce miya. Miyar kuka ta asali ƙanshin daddawar kalwa ke fara yi wa mutum sallama, ba gishirin ɗanɗano ba, kuma man shanun da aka zuba a kai ya zama soyayye da albasa, ba wanda aka gauraya da man gwangwani ba. Ta uku kuwa gaisuwa ce. Wanda ya shiga ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya, ina gajiya?" aka amsa masa da "Lafiya lau, Malam, na masara ko na shinkafa?" ya san ya iso gida. Sau da yawa daga karin harshen mai rumfar zai gane ko 'yar Sakkwato ce ko Bazazzagiya, ya kuma san irin miyar da za ta fi iyawa.

Fura ma tana da nata alƙalai. Matan Fulani sukan shigo daga rugagen da ke bayan gari da ƙorai a ka, su zauna a inuwa suna damu da ludayi. Furar gero da aka daka da citta da kanumfari da barkono, aka dafa, aka kirɓa a turmi, aka dama da kindirmo, ita ce wadda manomi ke sha ya wuni a gona. Amma tsadar nono ta sa wasu na haɗa madarar gari, wasu na ƙara ruwa su kaurara shi da garin 'ya'yan kuka. Mai hankali yakan nemi a ɗan ɗiba masa ya ɗanɗana kafin a dama, ya kuma lura da ruwan da za a zuba, domin ciwon ciki a baƙon wuri ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga wanda iyalinsa ke can nesa.

Bayan Magariba kuwa gari na mahauta ne. Fitilu sukan kama a bakin titi, hayaƙin tukuba ya gauraye da ƙurar motoci. Tsire na gaske da ƙuli-ƙuli ake turbuɗe shi, a jera tsinkayen kewaye da garwashi su gasu a hankali, ba a ɗora su kan harshen wuta ba. Balangu kuwa sai an ba shi lokaci. Kilishi shi ne sarkin wahala: a feɗe nama fale-fale, a shanya a rana, a tsoma cikin labu na tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna wa wuta. Wanda ya yi ja jawur kamar an rina shi, mai saye ya yi tambaya. Kasuwar kilishi ta Area 1 a Garki ita ce ta yi suna wajen masu sayen tsaraba, amma mazaunin Kurudu yakan fi dogara da mahaucin unguwarsa, wanda gobe ma zai same shi a wurin idan nama ya ƙi.

Wannan nema ba Bahaushe kaɗai ke yinsa ba. Mutanen ƙasar Meziko da ke zaune a biranen Amurka, irin su Los Anjalis, haka suke wuce manyan kantuna su nufi 'yan ƙananan shaguna da motocin sayar da abinci domin neman abin da suke kira tako, watau fallen gurasar masara da ake naɗe gasasshen nama da albasa da miyar barkono a ciki. Kamfanin Taco Bell, wanda aka kafa a Kalifoniya a 1962, ya yaɗa sunan wannan abinci ko'ina, amma 'yan asalin ƙasar sun fi yarda da hannun ɗan garinsu. Su ma sukan dafa masararsu da ruwan farar ƙasa ko toka kafin su niƙa, kusan yadda uwargida ke jefa kanwa a tukunya. Abin mamaki, ƙullin da suke samu sunansa masa a harshen Sifaniyanci, ko da yake kamar suna ce kawai, babu dangantaka. A 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Akwai kuma wata dangantaka da ta fi wannan zurfi. Masarar da ake tuƙa tuwo da ita a Kurudu, a kudancin Meziko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, ba ta iso Afirka ba sai bayan 1492. Haka barkono da tumatir da gyaɗa da rogo, duk daga nahiyar Amurka suka zo. Ashe yajin tsire da ƙuli-ƙulin da Bahaushe ke alfahari da su baƙi ne da suka zama 'yan gari, alhali gero da dawa da kuka da ɗorawa su ne 'yan ƙasa. Su kuma mutanen Meziko, wani shahararren takonsu da ake gasa namansa a tsaye kan ƙarfe mai juyawa, daga baƙin Lebanon suka koyo shi, watau daga shawarmar nan da samarin Abuja ke layi a kanta. Saboda haka asalin abinci yana ga hannun mai yi da gaskiyar kayan haɗi, ba ga ƙasar da iri ya fito ba.

Wannan gaskiya kuwa ita ce ke cikin haɗari. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin dakon hatsi da dabbobi daga Arewa ya hau, ma'aikacin da ke shiga birni kullum daga Kurudu kuma kuɗin mota ya cinye masa kaso mai yawa na albashi. Mai tuwo tana tsaka mai wuya. Idan ta ƙara farashi, masu benci su watse. Idan ta bar shi yadda yake, sai ta rage malmala, ko ta janye daddawa da man shanu. Waɗanda suka zaɓi rage malmala suka bar miya yadda iyayensu suka koya musu, su ne suka cancanci a neme su, a biya su ba tare da dogon ciniki ba. Araha ba ta ado.

Duk wanda hanya ta biyo da shi ta Kurudu, ya sauka a bakin titi, ya nemi masallaci, ya yi salla, sa'an nan ya tambayi mai shayin da ke kusa ina 'yan gida ke cin tuwo. Matambayi ba ya ɓata. Za a nuna masa wani lungu da mota ba ta shiga, inda zai tarar da hayaƙin itace da benci cike da mutane. Ya wanke hannu, ya yi Bisimilla, ya jira a zuba masa.