Mazarin Tafkinmu

Mai karatu, mu mutanen Baure ba mu san rafin kan dutse ba. Ƙasarmu rairayi ce shimfiɗe har iyakar Nijar, ruwanmu kuwa na tafki ne: damina ta cika shi, kafin bazara ya ƙafe. Can tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ƙarƙashin duwatsun rafi, akwai ƙwarin da ba sa rayuwa sai cikin ruwa mai gudu, mai tsabta. Masana kan ɗaga dutse su duba, in babu su, to ruwan ya fara ɓaci.

Mu namu ma'aunin mazari ne. Ba na kaɗin kakanninmu ba, wannan mai fukafuki huɗu da muka sha bi da gudu muna yara. Cikin ruwa yake ƙuruciyarsa, yana cafke tsutsar sauro da leɓensa na ƙasa. Akwai wani ruwan ɗorawa a cikinsu da kan girma cikin wata biyu ko ƙasa da haka, kafin kududdufi ya bushe, ya tashi ya bi iskar damina. A 2009 Charles Anderson ya nuna irinsa kan ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanke tankin feshi a bakin tafki. Maganin ba ya zaɓe, kowa yake kashewa. Amma sauro kwana goma ya ishe shi sake cika gari, shi kuwa mai cin sa sai ya yi makonni. A tsakanin nan, 'ya'yanmu ne ke kwana da zazzaɓi.