Daga Akushi Zuwa Kwano a Issawane

A karkarar Issawane, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, tarihin kayan cin abinci yana bayyana ne a jeren amarya, wato kwanuka da tasoshin da uwa ke tara wa ɗiyarta shekara da shekaru kafin aure. A da ƙwarya da akushi, wanda ake sassaƙawa da itace, su ne ke ɗaukar fura da tuwon hatsi, har kwanukan ƙarfe masu fenti suka shigo daga Kano, daga baya kuma maƙera suka koyi narka tsohon alminiyum suna zuba shi a ramin yashi don yin tukwane da ludaya. A Jamus kuwa, kamfanin WMF mai ƙera kayan cin abinci, wanda tushensa ya faro a garin Geislingen a 1853, yana buga tambarinsa a jikin cokula, kuma a 1927 ya raɗa wa ƙarfensa marar tsatsa suna Cromargan. Shi kuwa maƙerin tukwane na kasuwar garin Tasawa ba shi da tambari, amma matar da ta sayi tukunyarsa ta san aikin hannunsa, kuma wurinsa take komawa in tukunyar ta huje.