Karnukan Kawu

A cikin birnin Zariya kare ba shi da daraja, shi ma bai taɓa neman ta ba. Gari ne na malamai. Daga Unguwar Juma har Kona, zauren da ka leƙa duk sai ka tarar da buzu a shimfiɗe da littafi a buɗe, kuma yaro yana tashi da sanin cewa in kare ya sa baki a ƙwarya sai an wanke ta sau bakwai. Shi ya sa karnukan Kawu ba su taɓa kwana a gidanmu ba. Wani kango aka ba su can gindin ganuwa, inda gidaje suka ƙare gonakin cikin gari suka fara, ni kuma aka ɗora mini kai musu kunun dusa da ƙanzo safe da yamma. Ranar da na yi nawa, sai Kawu ya ɗago kai daga ɗinki ya ce, "Kai ɗan nan, ba a kiwon kare ranar farauta."

Maɗinki ne, mai aikin hannu a babbar riga, irin wanda aska takwas ke cinye masa wata da watanni. Wannan sana'a ce ta ba Malam, maƙwabcinmu, abin tsokanarsa. Malam yana karantar da Risala, kuma Risala ta yarda a riƙe kare don gona, ko kiwo, ko farautar da mutum ke ci da ita, ba ta nishaɗi ba. Duk sanda suka haɗu a ƙofar masallaci sai ya ce, "Mai allura, taka farautar ta ci ce ko ta wasa?" Kawu ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ranar Lahadi za a aiko da amsa." Amsar cinyar gada ce ko zabin daji biyu, kuma ban taɓa ganin an dawo da kwanon da abin a ciki ba.

Zamanin Sarki Shehu Idris ne, shekarun 1980. Ba a fita sai an gama kaka, an kwashe dawa, hunturu ya busar da ciyawa. Ranar Juma'a ake tashi, bayan an sauko daga babban masallacin nan na ƙofar fada da Babban Gwani ya gina. Mutane na komawa gida da manyan riguna, su Kawu kuwa suna tuɓe nasu suna sa wasu tsummokara da suka sha hayaƙi, ga guru a ƙugu, ga kambu a damtse. Motar haya ce, a-kori-kura ƙirar Peugeot, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, an yi mata bodin katako a Sabon Gari. Kowa ya kawo karo-karonsa na mai. A zuba gora da adda da barandami, bindigar toka ɗaya ko biyu, tulun ruwa, garin rogo da ƙuli-ƙuli, mazarƙwaila, tabarmi, da wani tsohon tamfol. Sannan a loda karnuka, sannan mutane, mu yara a saman kaya.

Na ga hotunan motocin nan na Amurka masu ɗaki da gado da murhu a ciki, waɗanda iyali ke ɗauka da karensu su tafi gandun daji hutun ƙarshen mako. Tamu ma ta yi duk wannan aikin. In an isa sai a ɗaure tamfol a bodinta a ja shi zuwa gindin itace, ya zama ɗaki. Ƙarƙashinta makwancin yara. Kan bonet ɗinta ake shanya nama. Bambancin dai su hutu suka je, karensu ma hutu ya je.

Ta Ƙofar Kuyambana muke fita, mu bar rimayen birni a baya, Dutsen Kufena ya raka mu ɗan lokaci, mu nausa yamma wajen dazuzzukan ƙasar Fatika. Abin da ban manta ba shi ne yadda karnukan ke sakewa da zarar an wuce ganuwa. A cikin gari kansu a ƙasa yake, bindi a matse, suna bin gefen bango saboda jifan yara. Amma iskar dawa na bugun hancinsu sai ka ga kunne ya miƙe. Akwai wata ja, siririya, mai farin ƙirji, Kawu na ce mata Barsu. A birni ko haushi ba ta yi. A mota kuwa sai ta ɗora ƙafafun gaba a kan katako ta tsaya ƙyam har a isa.

Ba a shiga dajin mutane kai tsaye. Sai an tsaya ƙofar mai gari an yi gaisuwa, an ajiye goro, an ji inda Fulani suka kafa ruga da inda ba a so a sa wuta. An kuma san iyaka. Gandun gwamnati, irin Kamuku ta wajen Birnin Gwari da aka keɓe tun 1936, ko Falgore ta ƙasar Kano, ba wurin ɗan farauta ba ne, wanda ya shiga kuwa ya san da ma'aikatan gandu zai kwana. Namu dajin na kowa ne: kaɗanya, ɗorawa, marke, taura, da gamba da ta fi mutum tsawo.

Daren Juma'a ba a yin komai sai hira. A hura wuta da busasshen marke, a tura dankali cikin toka, mai gangi ya ɗan taɓa kaɗan don jini ya motsa, wani ya miƙe ya yi kirari har jijiyar wuyansa ta fito, a yi masa dariya ya zauna. Sanyin dawa ba irin na birni ba ne, don babu katanga. A nan na fara ganin abin da in na faɗa a gida ba a yarda: dattijo mai gemu, wanda a birni ko inuwar kare ba ya so ta taɓa rigarsa, ya kwanta kare ya jingina da bayansa, bai ce masa tafi ba. In karnuka suka yi gurnani cikin dare, hira ta tsaya cak, kowa ya kasa kunne ga abin da suka ji. Daga wannan dare har Lahadi, maganarsu ake bi.

Da asuba a yi taimama in ruwa ya yi ƙaranci, a yi salla, a jiƙa gari. Sai a jeru a faɗaɗa, tsakanin mutum da mutum kamar jifa guda, a shiga ciyawa ana ihu ana dukan kurmi. Mai kare zai yi bisimilla kafin ya sake shi, domin da wannan sharaɗin ne abin da horarren kare ya kamo yake halatta, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ma'ida. Duk da haka kowa da wuƙarsa a kusa, a yi maza a yanka tun da sauran rai. Zomo ne ya fi yawa. Sai gafiya da ake tonowa a rami, da gyazbi a bakin fadama, da damo, da fakara da zabi da ake jifa da gora suna tashi. Gada sai an yi sa'a. Barewa kuwa ko a wancan lokacin labarinta ya fi ganinta yawa, kuma gaskiya mu ma muna cikin waɗanda suka jawo hakan, mu da wutar da ake cinna wa daji kowace shekara.

Gudun zomo da kare abin kallo ne da ban ga na biyunsa ba. Zomo ba ya dogara da sauri kaɗai, zamiya yake yi. Kare ya taho a guje, shi kuma ya karya kwana, karen ya wuce yana tirjiya cikin ƙura. Ƙananan karnuka a nan suke ƙarewa. Barsu ba ta bin sawu, gefe take yankewa ta jira inda zai karyo. Babu wanda ya koya mata. Ni aikina rataya, kuma an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, to ni na sha wannan fushin: jini a bayan riga, ƙarangiya a ƙafa, ƙishirwa tun hantsi.

Ba na son in yi wa abin kwalliyar da ba shi da ita. Farauta tana da rikici. Ƙa'ida ita ce nama na wanda karensa ya fara kamawa ne ko gorarsa ta fara sauka, amma in an haɗu da ayarin wani gari a fage ɗaya, ƙarfi kan so ya zama ƙa'ida. A nan ƙwace yake, a nan 'yan tauri ke zare wuƙa suna gwada ta a cikinsu. Na ga an fasa wa mutum kai a kan gafiya guda. Dattawa ne ke shiga tsakani, kuma sau da yawa a raba naman biyu, kowa ya tafi yana cika baki. Karnuka ma suna dawowa da rauni, wani ƙayar beguwa a hanci, wani biri ya yage masa kunne. Kawu da kansa yake zama ya cire musu kaska ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ciwon da ruwan bagaruwa, da hannun nan da yake zare siliki a rigar hakimi.

Yammacin Asabar na banda ne. A kafa sanduna, a jera nama a kan hayaƙi, kayan ciki a ba karnuka tun kafin mutum ya sa loma, wannan kuma doka ce. Matan Fulani su kawo nono a ba su zomo. Ranar Lahadi da hantsi a cire kason mai gari, a kwance tamfol, a tura mota don batir ya kwana da sanyi. Muna shigowa ƙofa wajen la'asar yara su biyo mu da ihu, karnukan kuma su sauke kai tun kafin a ce musu komai. Iya, kakarmu, tana tsaye a tsakar gida da sabulun salo. "Kada ka taɓa mini randa. Wuce bayi tukuna." Sai na yi wanka na sauya kaya kafin a karɓi gaisuwata, ita kuwa tuni ta aza tukunyar zabi.

Yau ba mai ɗaukar yaro ya kai shi kwana a wannan dajin. Ƙasar Giwa da ta Birnin Gwari sun shafe shekaru a bakin 'yan bindiga, ƙauyukan da muke ajiye goro wasu sun tashi, Kamuku da aka ɗaga ta zama gandun ƙasa a 1999 ta zama wurin da ake ambata da fargaba. Masu sana'ar da gaske suna shiga manyan motoci su tafi nesa, har kudu, kuma can ma ba su tsira ba: a watan Maris na 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa Kano, aka kashe goma sha shida. Ɗan Kawu na biyu shi ya gaji gorar da layun. Bai san hanyar Fatika ba. Sintirin dare yake yi a unguwa da karnuka uku, kowane gida na biyansa a ƙarshen wata, kuma gidan Malam na cikin masu biya a kan lokaci.