Rumbu Ba Ma'aunin Ƙaunar Allah Ba Ne

Mu Hausawa Kiristoci na ƙauyukan Kankiya da Kusada ba mu da yawa, kuma galibinmu da fartanya muke ci. Bishara ta iso wa kakanninmu ne ta hannun 'yan mishan na SIM, waɗanda ikilisiyoyinsu suka zama ECWA a 1954, kuma wa'azin da muka tashi muka tarar bai taɓa yi wa kowa alkawarin mota ba.

Daga baya ne wani sabon salo ya iso mana, da farko ta kaset, yanzu kuma ta wayar hannu. Shi ne wa'azin arziki, wanda marigayi Benson Idahosa na Benin, da ya rasu a 1998, ya yi fice da shi. Wai ka “shuka iri” da kuɗinka a coci, Allah ya ninka maka. To, ina matsayin wanda ya shuka bai girba ba? Sai a ce bangaskiyarsa ce ba ta cika ba.

Wannan magana ta fi yi mini ciwo a 2023, shekarar da takardun Naira suka yi ɓatan dabo, aka kuma janye tallafin mai a ƙarshen watan Mayu. Taki ya gagari talaka. Mahaifiyata, wadda ta haura shekara talatin a Zumuntar Mata, ta soma noƙewa daga sujadar Lahadi, don kawai kunyar a miƙo kwanon baiko ya wuce ta hannu wofi. Wata rana ta ce mini, “Ɗana, anya ban yi wa Ubangiji wani laifi ba kuwa?” Ka ji fa, mai karatu. Wannan mata ce da ba ta taɓa ɗora tukunya ba sai ta ɗebi dawa cikin tafi ta ajiye wa marayu.

Na tuna mata da Ayuba, wanda abokansa suka dage lalle zunubi ne ya jawo masa asara, a ƙarshe kuwa su Allah ya tsauta wa. Na tuna mata da gwauruwar da Yesu ya yaba wa saboda anini biyu. Amma gaskiya ba ni na mayar da ita majami'a ba. Matan zumunta ne suka zo da kwanon gero da kuka da daddawa, suka zauna a tabarmarta har la'asar, ba wadda ta ko ambaci baiko. Maƙwabciyarmu Musulma kuma ta aiko da ƙullin gishiri da manja, ta ce a gaishe da Inna.