Karnukan Kawu

A shekarar 1991 da aka yanke Jigawa daga Kano, ƙauyukanmu na tsakanin Gumel da Maigatari cike suke da mafarauta. Da an zuba gero a rumbu, an kakkaɓe riɗi, hunturu ya kankama, sai ka ji ganga tun asuba. Maza su fito da kulake da adduna, karnuka na gaba, a nausa dazukan Sule Tankarkar ko Gagarawa neman zomo da gafiya da zabin daji. Kawuna yana cikinsu, ni kuma ni ke riƙe masa jallon ruwa.

Ban taɓa ganin Kawu ya ɗaga wa karensa sanda ba. Abin da ba ya rabuwa da aljihunsa shi ne ƙanzo. A gabana ya horar da wani baƙin kwikwiyo da muke kira Duna. Yakan tsuguna a gindin aduwa ya yi fito sau ɗaya. Da kwikwiyon ya iso, kafin ma ya gama tsayawa, ƙanzo ya shiga bakinsa. In bai zo ba, Kawu ba ya cewa uffan, sai ya matso kusa ya sake. Ya ce mini, "Ɗan nan, in ka bari ya juya sannan ka ba shi, bai san ladan me ya ci ba." Bayan nan sai ya ɗaure fatar zomo a igiya, ya ja ta cikin yashi, ya ɓoye a bayan sabara, Duna ya bi da hanci. In ya ɗauko, Kawu ba ya fizgewa daga bakinsa. Musaya suke yi, fata ta dawo hannu, ƙanzo ya tafi baki. Da haka kare ke koyon cewa abin da ya kama na ubangidansa ne, kuma malamanmu kan kawo aya ta 4 a Suratul Ma'ida a kan halaccin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi.

Karatu mafi girma a kasuwar Maigatari na same shi, wata Alhamis. Wasu Buzaye sun sauke kayan raƙumansu, wani siririn kare mai dogayen ƙafafu yana kwance a jikin kayan. Yara suka kewaye shi. Kawu ya dafa kafaɗata ya ce in duba da kyau. Karen ya lashi hancinsa, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kau da kai gefe har farin idonsa ya bayyana. "Roƙonsu yake su ba shi wuri," in ji Kawu. Yaran suka ƙara matsowa. Sai karen ya miƙe, jikinsa ya sandare, gashin bayansa ya tashi, jela a sama tana kaɗawa a tsattsaye. Wani yaro ya ce ai wasa yake so tunda yana kaɗa jela. Kawu ya daka musu tsawa suka watse. Mai son wasa, ya ce, jikinsa a sake yake, yana zube ƙirji ƙasa ya ɗaga baya.

Gurnani ma Kawu bai ɗauke shi rashin kunya ba. Akwai wani a ƙauyenmu da kan zane karensa duk sanda ya yi gurnani. Karen ya daina kuwa, amma tsoron na nan a cikinsa, ranar da ya ciji wani yaro babu wanda ya ji ko tari. A ganina duka ne ya raba shi da gargaɗi, kuma laifin na mai sandar ne.

Har yau yaranmu da sun ga kare sai su duƙa neman dutse. Iyaye, ku hana su, ku nuna musu waɗannan alamomi. Mai kare kuma ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, domin mahaukacin kare ba ya gargaɗi. In cizo ya auku, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.