Baba ya rubuta, amma ya kasa karantawa



Fiye da shekara 20 Baba ne ke karanta nassi a sujadar Hausa ta ikilisiyarmu. Tsohon malamin firamare ne, irin wanda in ka tsallake waƙafi sai ya ce ka koma baya.

Bara da damina hawan jini ya kayar da shi. Hannu da ƙafa ba su shanye ba, baki bai karkace ba, muka yi ta godiya ga Ubangiji. Bayan an sallame mu daga asibiti ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya daɗe yana kallo, ya ce tabarau ne ya lalace. Muka sake masa wani. Ba abin da ya canza.

Ranar da jikina ya yi sanyi, Mama ce ta ce ya rubuta mata cefane. Ya rubuta tsaf da kyakkyawan hannunsa. Ta ce, "Malam, karanto mini in ji." Ya ƙura wa takardar ido, ya ajiye, ya shige ɗaki.

Likita ya ce idon yana gani. Jijiyar jini ce ta toshe a bayan ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu, wurin da ake mayar da abin da ido ya gani ya zama kalma. Hanyar rubutu daban ce, ita ba ta taɓu ba. Tun a 1892 wani likitan Faransa, Dejerine, ya bayyana irin wannan lalura. Duk da haka an sami masu zuwa gaisuwa suna raɗa cewa jifa ce. Allah ya gafarta mini, ban amsa musu da ladabi ba.

Lahadi uku Baba yana fakewa da mura don kada a kira shi gaba.

Yanzu ni ke karanta masa kowace asuba, ni da a dā aya ɗaya a waya ta ishe ni yini. Ran nan muna Zabura 121 na tsallake layi. Idonsa a rufe ya ce, "Ɗana, koma baya."

Ya fara bin haruffa da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, har hannun ya gaya masa kalmar. Makon jiya ya haɗa Yohanna 11:35 da kansa, gumi na zuba. Ya ce kada in faɗa wa Fasto tukuna, sai ya kai aya biyar. Ku sa shi a addu'ar Laraba.